Darakta Ba Ya Aiki Bayan La'asar

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Nas ɗin asibiti ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta lokacin da matata Sa'adiyya ta sha magani da yadda ta wuni. Na ce mata, ranki ya daɗe, ni da biro mun rabu tun aji biyar na firamare, kuma ba rabuwar arziki munka yi ba. Ba ta yi dariya ba. To ga littafi, ga ni nan, Tanimu mai gyaran injin jirgin ruwa a bakin tashar Yelwa, na zama akawu da furfura.

Jiya munka dawo gida bayan kwana tara. Likita ya ce shekara talatin da ɗaya tana bandar kifi, ƙirjinta ya sha hayaƙin da zai sha. Ba icce, ba gawayi, ba risho, ko turaren wuta a'a. Wannan a gabanta ya faɗa. Sannan ya jawo ni baranda ya faɗi sauran. Sauran ba na littafin nan ba ne.

Gas kuwa ta rantse ba ta kwana gida ɗaya da tukunyarshi, tun abin da ya samu ƙanwarta a Shanga. Shi ne ɗiyarmu Nafisa, da ke aure a Kontagora, ta aiko da murhun lantarki a mota. Faranti ne na baƙin gilashi, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Sa'a ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Malam, wanga abin dafa abinci ne ko na kallon ƙwallo?"

Ta sha maganin safe. Na yamma sai da abinci mai zafi a ciki, ƙarfe bakwai. Haka anka rubuta.

Talata, 8 ga Afrilu, hantsi

Mun ɗora tukunyar tuwo, ya yi ƙiiit ya rubuta E0. Mun ɗora ta miya, E0. Na buɗe takardar da ta zo cikin kwalin, rabi Turanci rabi rubutun Sin, ni kuwa duka biyun tsakanina da su gaisuwa ce daga nesa. Na kira Nafisa, ta ce, "Baba, ba ya son tukwanen zubi na maƙera. Ka samo mayen ƙarfe, duk tukunyar da ya kama gindinta ita ce tashi."

Na fasa tsohuwar sifika na ciro mayen ƙarfe, na bi tukwanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba shanu a kara. Tukunya goma sha huɗu, biyu sunka ci jarrabawa: wata ƴar silba da butar shayi. Sa'a ta ce murhun da ke zaɓen tukunya wata rana zai zaɓi wanda zai ci.

Ruwa ya tafasa kafin in gama ɗaura agogo. Ta yi siraci. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe.

Ba komai.

Talata, bayan magariba

E1. Ba E0 ba, E1. Tukunyar da ya yarda da ita da safe ce. Ya kama, ya yi minti ɗaya, ya yi kuka ya mutu. Sau shida. Da burodi da ruwan sanyi ta sha magani, ya dawo, ta yi amai.

Alhamis, 10 ga Afrilu, la'asar

Na gane halinshi. Daga hantsi zuwa azahar yana aiki kamar yaron kirki. La'asar na yi sai ya fara tsaki, magariba kuwa ko Sarki ya zo ba ya tashi. Na raɗa mishi suna Darakta, don irin aikinsu ke nan: a zo ƙarfe goma, a rufe ofis ƙarfe huɗu.

Na tura wa mijin Nafisa hoton takardar, ya karanta min ta waya. E1 na nufin wuta ba ta da ƙarfi. Na ce ai wannan ko akuyar gidan nan ta sani. Zafin bana ya sa kowa ya kunna fanka, masu kifi da sun dawo daga ruwa da yamma sai firiza-firiza su tashi a layinmu gaba ɗaya, ƙwan fitila ya koma ja kamar gauta. Ruwan tafkin da ke yi wa ƙasar nan wuta ga shi nan, in na hau katanga ina ganinshi, gungun kakana, tsibirinsu na da, na ƙarƙashinshi. Amma wutar in ta iso gidana sai ka ce da ƙafa ta taho daga Legas.

Na dafa kunu da azahar na zuba a fulas don yamma. Ta kurɓa ta ce kunun da ya wuni a fulas ɗanɗanon roba gare shi. Ta sha dai. Ya zauna.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan masallaci

Bashiru mai shayi ya ce in canza layi. Layi uku ne sunka shigo unguwarmu, kowa ya san dabarar: ka zare fis daga wannan rami ka soka a wancan, inda wuta ta fi ƙiba. Na hau benci da silifas ɗin roba da Ayatul Kursiyyu a baki. Na farko, E1. Na biyu, E1. Na uku babu wutar ma sam.

Sa'a na daga ciki tana cewa, "Malam, sauko. Gida ɗaya ba ya ɗaukar majinyaci biyu."

Asabar, 12 ga Afrilu, magariba

Na ciro sitabilaizar talabijin na haɗa mishi. Minti biyu ta yi tana ƙara kamar an shaƙe ɗan akuya, sai wari, sai wani siririn hayaƙi. Hayaƙi! A ɗakin girkin da anka ce ko na turare kada ya shiga. Na sure ta da hannu na jefa bayan gida, tafina ya tashi.

Yanzu ba murhu, ba talabijin. Injiniya Tanimu ya gama aiki.

Ta tambaye ni warin mene ne. Na ce Bashiru ne ke ƙona shara.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da safe

Ta sha. Ba komai.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Tamada maƙwabciyarmu, wadda sunka yi shekara ashirin suna banda rumfa ɗaya da Sa'a, kwana uku ke nan tana miƙo tuwo ta kan katanga. Tun da munka dawo ta kwashe nata gangunan bandar ta kai can bakin ruwa don kada hayaƙi ya ƙetaro, ba wanda ya roƙe ta. Yau Sa'a ta karɓi kwanon ta yi godiya, da Tamada ta juya sai ta ajiye shi ta zauna tana kallo.

Ta ce, "Ni da nake ciyar da layin nan da kifi, yau ni ake miƙo wa ta katanga kamar mai takaba."

Na ce, "Ai mai takaba mijinta ya mutu, ni kuwa ga ni, sai dai a ce mijin ba ya da amfani."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka daina kawo maganar mutuwa gidan nan." Ita ta kawo ta.

Na gwada hura icce a waje, bakin titi, in dafa mata da kaina. Iskar tafki ta kwaso hayaƙin ta shigo da shi ta zaure kamar an aike ta. Na kashe da ruwan buta.

Iccenta na nan jibge a rumfar banda. Na ga tana kallonshi. Ya kamata in kwashe. In na kwashe kuma kamar na ce mata wani abu ne.

Laraba, 16 ga Afrilu

Asibiti.

Alhamis, 17 ga Afrilu, azahar, a benci bakin ɗakin mata

Bari in rubuta.

Jiya wani jirgin fasinja na Wara ya mutu a tasha, sunka riƙe ni har rana ta yi ja. Ina shawo kwanar layinmu na hangi hayaƙi na tashi ta kan katangata. Shekara talatin in na ga hayaƙin nan daɗi nake ji, na san akwai mutum a gida. Jiya jakar sifanu na yar a titi.

Tana durƙushe gaban murhun duwatsu, tukunyar tuwo a kai, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a wuya. Bakinta a buɗe amma ba abin da ke shiga. Na san ƙarar injin da ruwa ya shiga cikinshi. Ban taɓa tunanin zan ji ta a jikin mutum ba.

Tamada ce ta tsayar da keke napep. Ni ban san me na yi ba. An ce ina ta faɗin "ba komai, ba komai" har munka iso.

Da safen nan da ta samu magana, cewa ta yi, "Darakta ya ƙi. Kai kuma tun koko ba ka ci komai ba."

Likita bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi. Ya ce, "Malam Tanimu, irin na jiya, ba na jin ƙirjin nan zai ɗauki na biyu." Ya sake kallon baranda. Na ce mishi na gane, ba sai mun fita ba.

Nafisa ta kira sau biyar. Cikinta wata tara, ba ta iya hawa mota. Na ce mata dubawa ce kawai munka zo. Ta ce, "Baba, in kana ƙarya muryar wasa kake yi." Na ce ai kullum muryar wasa nake yi. Ta ce, "Shi ya sa."

Alhamis, bayan la'asar

Tamada ta aika wa ɗiyarta Susan, wadda ke haɗa sola a ƙauyukan Ngaski. Tun tana goye na san ta, yanzu ga ta da mashin da jakar kayan aiki da ƴaƴa uku. Na bar Tamada wurin Sa'a munka je gida.

Ta soka wayoyin ƴar na'urarta ta awon wuta a jikin mita: ɗari da casa'in da biyu. Ta ce wuta ta yi ƙasa, amma ba ta kai ta hana girki ba. Munka shiga ɗakin girki ta soka a soket: ɗari da casa'in. Na ce, "Kin gani? Lafiya lau. Ni ma na gwada da testa, ta kawo haske."

Ta ce, "Baba Tanimu, in an kawo maka inji, a kan benci kake yanke mishi hukunci ko sai an ɗora kaya an shiga ruwa?"

Na ce sai an shiga ruwa.

Ta ce, "To kunna Daraktan naka."

Na ɗora buta na kunna. Ina kallon lambar tana gangarowa kamar guga a rijiya. Ɗari da saba'in. Ɗari da sittin. Ɗari da arba'in da takwas. Ƙiiit, E1.

Ta ce, "Tsakanin mita da nan akwai ɓarawo. Wa ya ja wayar nan?"

Na ce wani ne.

"Wani wa?"

Na ce wani bawan Allah mai iyali, ba a tona mishi asiri.

Ta ɗauko tsani ta bi waya. Shekara tara da sunka wuce ni na ja ta, don ƙwan fitila ɗaya tak, Sa'a ta riƙa ganin abin da take yankawa. Wayar fitilun wani jirgi ce da ya ruɓe a tasha, siririya kamar taliya, guntu-guntu. Na murɗa su da filaya na naɗe kowane haɗi da robar tayar keke, yadda nake ɗaure tiyon mai a inji, don a sana'armu abin da roba ta ɗaure ruwa ba ya shiga. Kuma don in rage tsawo na bi da ita ta ƙarƙashin rufin rumfar banda, daidai saman ganguna.

Haɗi bakwai ta ƙirga. Ta warware na huɗu, robar ta narke ta zama kwalta, jan ƙarfen ciki ya yi baƙi yana marmashewa. Ta ce in taɓa. Da zafi, minti ɗaya kacal da kunnawa. Ta ce da safe wuta na zuwa da ƙiba, ko ɓarawon ya ci rabonshi ana samun saura. Da yamma ta zo a rame, ya cinye. Ta ce, "Ka gode Allah da murhun nan ke kashe kanshi. Da irin mai haƙuri ne, da rumfar nan ta kama."

Kwana tara ina zagin masu wuta, mutanen da ban taɓa gani ba. Kwana tara.

Na ce, "Susan, da na kira ki tun ranar farko..." Ta ce, "Baba, riƙe min tsani."

Juma'a, 18 ga Afrilu, hantsi

Waya mai kauri ake so, guda ɗaya ba haɗi, daga mita har ɗakin girki, da soket nata na kanta. Mijin Nafisa zai saya a Kontagora ya sa a mota. Susan ta tafi bikin Ista wurin dangin mijinta, sai Talata. Kafin ta tafi ta kafa min soket a zaure, taku biyu daga mita. Ta ce a nan zai yi aiki ko da magariba.

Na kwashe iccen. Duka. Na kai wa Tamada bakin ruwa a baro, sawu biyar. Ban jira na yi shawara da kowa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan magariba

An sallame mu da azahar. Ta ga rumfa wayam, ta wuce ɗaki.

Darakta ya yi aiki a zaure, ƙarfe shida da rabi, fanka na juyi a kowane gida. Na tsaya ina kallon ruwa na tafasa kamar ban taɓa gani ba.

Sai dai zaure zaure ne. Ƙofarshi a titi, nan maza ke zama. Sa'a ta ce ko a ɗaure ba ta tuƙa tuwo a gaban Bashiru da ƴan shayinshi. To wa ya rage? Ta sa kujera daga ciki, bayan labulen ƙofa, ni ina waje da muciya.

"Ruwan ya tafasa?"
"Ya tafasa."
"Ka yi talge?"
"Mene ne talge?"
"Innalillahi. Shekara talatin kana cin me?"

Bashiru ya leƙo ya ce, "A'a, Hajiya Tanimu, a sa min na hamsin." Na ce ya jira in gama, wanda ya fara ci shi za mu gani ko yana kashewa. Daga bayan labule na ji dariya. Na tsaya da muciya ina jiran abin da ke biyo dariyar. Ya biyo, amma gajere.

Tuwon ya yi gudaji kamar tsakuwar bakin tafki. Ta ci loma huɗu. Magani ya zauna.

Lahadi, 20 ga Afrilu, la'asar

Loma shida. Ta ce gishirin miyar zai iya tsayar da jirgi.

Litinin, 21 ga Afrilu, da safe

Daga ɗaki zuwa bayan labule taku goma sha ɗaya ne. Ran Asabar sau ɗaya ta tsaya a hanya. Yau sau biyu. Wataƙila zafi ne.

Talata, 22 ga Afrilu, azahar

Waya ta iso, kauri kamar ɗan yatsana. Susan ta bi da ita ta jikin bangon ɗaki cikin bututu, nesa da rumfa. Ta ciro tawa ta naɗe ta miƙo min, ta ce in ajiye ko jikoki za su so ganin tarihi. Sa'a ta ce a ba ta ta shanya kaya, wataƙila nan ne Allah ya yi za ta yi amfani.

Susan ta ce kada in yarda da gwajin rana, za ta dawo da yamma a gwada lokacin da layi ya cika.

Talata, bayan magariba

Ɗari da tamanin da tara a mita. Ɗari da tamanin da biyar a ɗakin girki, murhu na kunne, buta na kuka. Minti ashirin munka tsaya mu uku muna kallon lamba, ba ta motsa ba. Susan ta ce in wata rana wutar gari ta faɗi ƙasa da haka sosai zai sake rubuta E1, wannan ba laifin kowa ba ne a gidan nan, in dafa da wuri in sa a fulas. Ta durƙusa ta yi wa Sa'a sallama. Ta daɗe riƙe da hannunta, har na fita na ba su wuri.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan magariba

Na share ɗakin girki, na goge Darakta da tsumma, na jera tukwane biyun nan. Na je na tsaya bakin ƙofarta na ƙame kamar soja na ce, "Ranki ya daɗe, an gyara ofis. Mai riƙon ƙwarya na neman izinin komawa bakin ruwa."

Ta taso. Na riƙe mata gwiwar hannu, ba ta hana ni ba. Ta shiga, ta shafa gilashin, ta danna ya kama, ta danna ya mutu. Sannan ta jawo kujera ta zauna gefe, ta ɗauko muciya ta miƙo min.

Na ce, "A'a, ai an gama wannan wasan. Ba hayaƙi, ba Bashiru. Wurinki ne."

Ta ce, "Na sani. Ɗora ruwa."

Na ce ko jikin ne yau? Ta ce jiki da sauƙi. Ta ce, "Talgenka har yanzu ruwa-ruwa ne. Ba ka san daddawa nawa ake sa wa miyar mutum ɗaya ba. Ba ka san inda nake ajiye kanwa ba."

Na ce, "Miyar mutum ɗaya kuma? Mu biyu ne a gidan nan."

Ta dube ni yadda take duban kifi ta san ko ya yi. Ta ce, "Malam, tagar ɗakin da anka kwantar da ni a baranda take."

Na nemi abin wasa in faɗa. Wallahi na nema. Duk rayuwata ban taɓa lalubawa na rasa ba.

Ta ce, "Ba na son ana miƙo maka ta katanga. Ɗora ruwa."

Na ɗora. Ta nuna min kanwa, tana cikin gwangwanin madara bayan buhun gero. Daddawa rabin ƙwallo. Kuka ana barbaɗawa ana kaɗawa, ba a zubawa gaba ɗaya. Sau biyu ta sa na sake talge.

Ta ci loma bakwai. Ta sha magani ƙarfe bakwai daidai, ya zauna.

Ta ce in rubuta awon a littafin nan don kada in manta. Na rubuta a shafin baya. Ta karɓa ta duba, ita da ba ta karatun boko, ta ce rubutun ya yi ƙanana, in sake da manya yadda zan iya gani ko ba wanda zan tambaya.

Na sake.